Ladabin Shiga Teku: Nasiha ga Ƙannena Mazauna Bakin Ruwa

Ƙannena maza da mata, waɗanda neman abinci ko karatu ya kai Legas, Kwatano, Lome, Accra ko Duwala, da ku da aka haifa a zangunan waɗannan birane, da ku nake magana. Duk wanda ya taɓa zuwa bakin teku washegarin Sallah ya san ruwa ya shiga zukatan matasanmu. Motoci ne cike daga Agege, Idi-Araba da Obalende. Samari cikin sabuwar shadda sun naɗe ƙafar wando, 'yanmata suna ɗaukar hoto, masu jirgi suna kiran fasinja zuwa Tarkwa Bay. Wasu ma sun fara sayen ƙugiya irin ta zamani, mai sanda da faifan naɗe zare, suna fita fatsa ranar Lahadi. Wannan abu yana faranta mini rai. Wanda ya yi kwana shida yana fama da hayaƙi da cunkoso ya cancanci ya zauna inda iska ke kaɗawa, ya miƙa ido iyakar ganinsa babu gini babu mota. Sai dai farin cikina a haɗe yake da fargaba, domin na ga yadda muke shiga ruwan nan, na kuma san abin da ya sha biyo baya.

Mu yawancinmu mutanen tudu ne. Ruwan da muka tashi da shi kududdufi ne da rafi, sai gulbi ko dam ga wanda garinsu ke kusa da su. Gaɓar tekun Najeriya ta kai kilomita 853, amma babu ko taku ɗaya nata da ya taɓa ƙasar Hausa. A bakin teku baƙi ne mu, baƙo kuwa makaho ne ko da yana da ido. Na koyi wannan a jikina. Shekarata ta farko a Legas, na shiga teku a wani bakin ruwa ta wajen Badagry ina taƙama da iyon da na koya a gulbin garinmu. Ruwa bai wuce ƙirjina ba lokacin da na ji rairayi na zarewa daga ƙarƙashin ƙafata. Na juyo zan koma gaɓa, ina bugun ruwa da duk ƙarfina, amma mutanen da ke tsaye sai ƙara ƙanƙancewa suke yi. Wani dattijon masunci daga ƙabilar Egun ne ya zo da kwalekwalensa ya tsamo ni. Da na dawo hayyacina, bai yi mini faɗa ba. Hannuna ya kama ya nuna mini wurin da na shiga, ya ce in duba da kyau. Wurin ya fi ko'ina kwanciya, babu farin kumfa, ruwan ya ɗan yi duhu. Ni saboda kwanciyarsa na zaɓe shi. Shi kuwa saboda kwanciyar ne ba zai bar jikansa ya taka wurin ba.

Abin da dattijon ya nuna mini shi ne mafi girman abin da ke cin masu wanka a teku, don haka ku saurara. Igiyar ruwa tana ta turo ruwa zuwa gaɓa, dole kuma ruwan ya nemi hanyar komawa. Sai ya taru ya yanki wata siririyar hanya tsakanin tudun rairayin da ke ƙarƙashi, ya koma cikin teku da gudu kamar ƙorama. Idan ta yi ƙarfi, gudunta ya fi na kowane gwanin iyo a duniya. Ba ta jan mutum ƙasa, waje take jansa. Gajiya da firgita ne ke kashewa, domin wanda ta ɗauka yakan nace sai ya koma ta inda ya fito, har ƙarfinsa ya ƙare. Ƙoramar nan ba ta da faɗi sosai. Idan ta ɗauke ka, kada ka yi kokawa da ita. Ka kwanta a kan ruwa ka huta, ka ɗaga hannu a gan ka, sannan ka yi iyo gefe, wato ka bi tsawon gaɓa, har ka fita daga cikinta, igiyar ruwa ta taimaka maka ka dawo. Mafi alheri kuma, kafin ka jiƙa ƙafa ka tambayi 'yan wurin inda ake shiga da inda ba a shiga. Mai tambaya ba ya ɓata.

Abu na biyu da gulbi bai koya mana ba shi ne teku yana cika yana janyewa sau biyu a kowace rana. Wata ne ke jan ragamar wannan, rana na taya shi. Kowace rana lokacin cikar yakan yi jinkirin kusan minti 50 a kan na jiya, shi ya sa dutsen da ka zauna a kai kana fatsa da hantsi a wannan makon, mako mai zuwa a daidai lokacin ruwa ya shanye shi. A nan muna da wata sa'a da ya kamata mu yi amfani da ita: mu mutane ne masu lissafin wata. Lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika, wajen 14 da 15, ruwa ya fi cika ya kuma fi janyewa, gudunsa a mashigin ruwa ya fi tsanani. Ku lura, ƙaramar Sallah tana zuwa ne daidai tsayuwar wata, yawon babbar Sallah kuma yana kaiwa kusa da cikarsa. Ranakun da muka fi tururuwa zuwa bakin ruwa suna cikin ranakun da ruwan ya fi motsi. A Legas bambancin cika da janyewa bai wuce kimanin mita ɗaya ba, amma duk ruwan babban tafkin birnin ta mashigi ɗaya yake shiga yake fita, inda manyan jiragen Apapa ke bi. Ƙaramin jirgin da injinsa ya mutu a wurin lokacin janyewa, teku zai nufa.

Shekara ma tana da nata lissafin. Farkon damina, daga Maris zuwa Mayu, hadari yakan taso da iska mai ƙarfi cikin ƙanƙanin lokaci. Daga Yuni zuwa Satumba teku ya fi fushi, igiyoyinsa sun fi girma. Hunturu shi ne lokacin da ruwa ya fi kwanciya, sai dai hazo yana rufe ido har matuƙi ya kasa ganin abin da ke gabansa. Akwai kuma wata irin kainuwa mai shuɗin fure da ta shigo ruwan Legas ta wajen Badagry a shekarun 1980, wadda ke rufe hanya ta naɗe farfelar inji. Masuncin da ya dubi sama ya ce yau ba ya fita, ba ragwanci ke damunsa ba. Idan mai ruwa ya zauna a tudu, kai baƙo ka zauna kusa da shi.

Yanzu mu zo ga jirgi. Ba sai mun je nesa neman izina ba, domin makokin yana gidanmu. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi. A watan Yuni 2023, a yankin Patigi na jihar Kwara, sama da mutum 100 suka rasu a kogin Neja cikin dare suna dawowa daga ɗaurin aure. Allah Ya jiƙansu. Duka biyu a ranar farin ciki suka faru, duka biyu kuma jirgin ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Irin wannan lodi shi nake gani ranar Sallah a bakin teku. Abokai goma sha biyar sun zo tare, jirgi na mutum goma ne, babu wanda yake so a bar shi, mai jirgi kuma yana son kuɗi. Ƙannena, a irin wannan wuri mai hankali ɗaya ake bukata ya ce a raba tafiya biyu. Za a kira shi matsoraci na minti biyar, amma kowa zai kwana a gidansu.

Rigar ruwa mai hana nutsewa kuwa, ina roƙonku kada ku ɗauke ta abin kunya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Najeriya, NIWA, da takwararta ta jihar Legas, LASWA, duk sun wajabta sanya ta, an kuma hana ƙananan jirage tafiyar dare. To amma ba don jami'i za ka sa ba. Ka sa ta ka ɗaure igiyoyinta tamau, domin wadda aka rataya a wuya kawai ta kai take zamewa da zarar an faɗa ruwa. Ka duba ta kafin ka karɓa, idan ta yage ko soson cikinta ya mutu ka nemi wata. Yaro a ba shi daidai jikinsa. Gwanin iyo ma yana bukatarta, don wanda kansa ya bugi katako ya suma, iyonsa bai da amfani. Ku kuma yi tunanin suturarmu. Babbar riga, dogon hijabi da zane, idan suka sha ruwa nannaɗe ƙafa da hannu suke yi. Mace za ta iya suturta jikinta tsaf da tufafin da ba su da jan ƙasa, ta ɗora rigar ruwa a sama. Na sha jin matashi yana cewa in kwana ya ƙare ko da riga sai an tafi. Gaskiya ne ajali ba ya jinkiri, amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Rai amana ne a hannunka, na fasinjan da ke gefenka ma haka.

Ga wanda Allah Ya hore wa ya yi hayar jirgi ko ya mallaki nasa, akwai ƙa'idojin da matuƙa suka gada. Ka gaya wa wani a tudu inda za ka da lokacin dawowarka. Man fetur ka kasa shi uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana. Kada ka fita ba filafili, igiya, anka, abin kwarfe ruwa da ruwan sha, domin kana tsakiyar ruwa ƙishirwa za ta iya galabaitar da kai, ruwan gishiri kuwa ƙara ta yake yi. Waya a ƙulle ta cikin leda. Ka nisanci hanyar manyan jirage, don jirgin dakon kaya ba shi da birki irin na mota, sau da yawa ma matuƙinsa ba ya ganin ƙaramin abu a gabansa. Idan jirgi ya kife bai nutse ba, a riƙe jikinsa, ya fi kan mutum sauƙin hange. Idan wani ya faɗa ruwa, jefa masa igiya ko jarkar da ba komai a ciki. Kada ka yi tsalle ka bi shi in ba a koya maka ceto ba. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Da haka ake rasa mutum biyu a maimakon ɗaya.

Kada duk wannan ya sa ku ji ina kore ku daga ruwa. Dattijon nan da ya tsamo ni shi ne daga baya ya koya mini fatsa, kuma ban san wani hutu da ya kai ta ba. Ana fita bayan sallar asuba, ruwa lumui, garin bai tashi ba. Ka sa jatan lande ko yankan ƙaramin kifi a ƙugiya, ka jefa, ka ɗora yatsa a kan zare. Daga nan sai jira. Da farko duk motsi kifi ne a wurinka. A hankali yatsanka zai fara rarrabe jan ruwa da tsakurar kaguwa da cafkar kifi na gaske. Za ka gane cewa kifi ya fi ci lokacin da ruwa ke motsi, yana shigowa ko yana fita, da sassafe da kuma gab da magariba. Za ka san cewa yana fakewa a gindin gada, jikin duwatsu da saiwar itatuwan bakin ruwa. Akwai ranar da za ka dawo da kuroka ko barakuda, akwai ranar da za ka dawo hannu rabbana. Duka biyun karatu ne. A zamanin da waya ta saba mana da samun komai nan take, awa uku da mutum zai yi yana jiran abin da ba shi da iko a kansa magani ne ga zuciya. Ban taɓa ganin inda ake koyon haƙuri da ma'anar rabo a aikace kamar bakin ƙugiya ba.

Ba sai da kuɗi mai yawa ake farawa ba. Zare, ƙugiya da ɗan dalma sun isa, da su masunta da yawa suke ciyar da gida. Kada hotunan masu manyan jirage a Ikoyi su sa ka ci bashi don sayen kayan da ba ka san amfaninsu ba. Abin da ya fi kaya tsada shi ne malami. Ka je Epe, garin da ya yi suna da kasuwar kifi, ko Badagry, ko Jamestown in kana Accra, ka gai da dattawan wurin da ladabi, ka taya su jan taru, ka sayi kifinsu ba tare da ƙwara ba. Su za su gaya maka wane kifi ake kamawa da hannu, wane ne ba a taɓawa. Tarwadar teku tana da ƙaya mai dafi irin ta kurungu. Akwai wani kifi mai faɗi kamar faifai da ke kwanciya cikin rairayi, da tsinke mai dafi a wutsiyarsa. Kifin nan mai kumbura ciki, ɗan'uwan talibamban, gubar da ke jikinsa dafuwa ba ta kashe ta. Wanda ba ka sani ba, kada ka kai shi tukunya sai ka nuna wa wanda ya sani.

Ku riƙa tunawa kuma cewa abin da yake hutu a wurinku, a wurin wani abincin 'ya'yansa ne. Mutanen Makoko da suka kafa gidajensu a kan ruwa, da Fante da Ga na Ghana, ba wasa ya kai su teku ba. Idan kana tuƙa jirgi mai gudu ka hangi kwalekwale, ka rage wuta, domin igiyar da ka tayar za ta iya kifar da shi da kamun dare guda. Idan ka ga jarka ko kwalba na yawo a layi, alamar taru ce, ka kewaye. Farfelarka za ta yanke shi cikin daƙiƙa ɗaya, mai shi kuwa wata da watanni ya yi yana tara kuɗinsa.

Shi kansa kifin yana da haƙƙi a kanmu, kuma wannan ba baƙon ilimi ba ne ga Bahaushe. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda kuma UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2016, ginshiƙinsa hani ne. Ana killace kogin Matan Fada a hana su a cikinsa, Sarkin Ruwa yana kula, shi ya sa ranar da aka buɗe ake fito da giwan ruwan da sai an taru a ɗaga. Masuntan gaɓar Ghana da yawa sun gaji al'adar barin teku ya huta kowace Talata. Da ƙananan kifayen da talaka ke ci suka yi ƙaranci, sai da gwamnatin ƙasar ta rufe teku ga masu kwalekwale tsawon wata guda a 2019. Mutanen gulbi da mutanen teku, ba tare da sun haɗu ba, sun gano abu ɗaya: ruwan da ba a ɗaga masa ƙafa, wata rana zai daina bayarwa. Saboda haka ka ɗauki abin da gidanka zai ci da wanda za ka ba maƙwabci. Ƙaramin da bai isa haihuwa ba, ka jiƙa hannu ka cire masa ƙugiya a hankali ka mai da shi. Kada ka kusanci masu zuba gamalin ko jefa nakiya a ruwa, don suna kashe babba da ƙarami da ƙwai, suna kuma sayar wa mutane guba. Tsinkakken zare, ledar ruwa da robar abinci, ka tattara ka dawo da su tudu. Kunkurun teku yana haɗiye leda, zare kuma yana shaƙe tsuntsaye shekaru bayan ka manta da shi.

Akwai abin da ba zan ɓoye muku ba. Wasu wuraren shaƙatawa na bakin teku sun zama dandalin shaye-shaye, kuma na ga 'ya'yan mutunci suna yin abin da ba za su yi a unguwa ba, don suna ganin babu idon sani. Maye da ruwa ba sa haɗuwa. Kwalbar sirof ko ƙwaya ɗaya ta isa ta rage wa mutum saurin tunanin da zai cece shi, matuƙin da ya sha wani abu kuwa ka sauka daga jirginsa ko da ka riga ka biya. Lokacin salla ba ya faɗuwa don an je yawo. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, kifinsa halal ne ba sai an yanka ba, rairayin gaɓa kuma ya ishe ka wurin sujada. Wanda ya tsaya gaban wannan ruwa da ba a ganin ƙarshensa, ya ga rana tana faɗawa cikinsa, ya fi kowa dalilin tuna Mahaliccinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, yara da matasa kuma su ne kaso mafi tsoka. Abin takaicin shi ne mafi yawan irin wannan rashi ana iya kauce masa da abubuwa masu araha: koyon iyo, rigar ruwa, da babba mai sa ido. Ina kira ga sarakunan Hausawa na Legas, sarakunan zango na Ghana, Togo da Benin, limamanmu da ƙungiyoyin matasa, su sa wannan magana cikin huɗubar Sallah da tarukan unguwa. A nemi wurin koyon iyo mai tsaro ga yara maza, a nemi mata masu koyar da 'yan'uwansu mata a killataccen wuri.

Ku kuma ƙannena, kada ku jira kowa. Kafin Sallah mai zuwa, kowannenku ya koyi kwanciya a kan ruwa, ya koyi gane ƙoramar nan mai jan mutum waje, ya nemi dattijo ɗaya cikin masu ruwa ya riƙe shi malami. Ku je teku, ku ji daɗinsa, ku kai ƙannenku su gani, ku ci kifin da hannunku ya kamo. Amma ku shige shi da sallama irin ta baƙon kirki, ku ƙirga kanku kafin ku hau jirgi, ku sake ƙirgawa bayan kun sauka. Iyayenku a gida suna jiran lissafin ya cika. Allah Ya tsare ku a tudu da ruwa.